Kafin ka sa baki a cinikin keken tsere

Yaro, ka tambaye ni shawarar da za ka ba wa ɗalibin nan da yake son sayen keken tsere na gwanjo, domin ya riƙa motsa jiki da sassafe a kewayen filin sukuwa da ke Nassarawa a nan Kano. Ba zan ɓata bakina a kan duba birki da daidaita sirdi ba, domin duk wanda yake riƙe sifana a shagon nan kuma bai san wannan ba, gara ya nemi wata sana'a.

Firam ɗin, wato gangar jikin keken, za ka fara dubawa, musamman idan na kabon ne, wani abu marar nauyi mai tauri da ba ƙarfe ba. Akwai wani matashi, mai tsaf-tsaf da daɗin baki, da ya taɓa kawo mini irinsa, ya ce daga Kwatano ya shigo da shi, ya roƙe ni in nemo masa mai saye. Giyarsa ta kamfanin Shimano ce, tana shiga sumul, kuma da yatsa biyu kana iya ɗaga keken. Na kira wani Alhaji da muke hulɗa tun zamanin keken Raleigh, ya biya ba tare da ya taya ba saboda ni ne na tsaya a tsakani. Ashe ɗan banzan ya san firam ɗin ya tsage kusa da feda, sai ya shafe wurin da fenti, ya manna sitika a kai. Ba a yi nisa ba ɗan Alhajin ya faɗa wani rami a Titin Gidan Zu, firam ya ɓalle, yaron ya goge fuska a kwalta. Daga aljihuna na mayar da kuɗin, shi kuwa mai keken har yau wayarsa a kashe take. Da ƙarfe ne, da mai walda ya ɗinke shi kafin azahar, amma kabon ba ya karɓar walda. Saboda haka ka ɓare duk sitikar da ka gani, ka bi firam ɗin kana ƙwanƙwasawa a hankali da kwabo. Inda sautin ya dushe, to akwai magana a ƙarƙashin fentin.

Samarin yanzu hoton keke suke kallo a waya, su ga kan nan mai lanƙwasa, shi ke nan hankalinsu ya tashi. Ba sa tambayar ko taya mai faɗin milimita 23 za ta jure yashi da ƙaya da ramukanmu, ko ina za su sami famfon da zai hau siririn bawul ɗinta, tunda na masu faci a bakin titi ba ya kama shi sai da wani ɗan haɗi. Ka ce wa ɗalibin ya nemi firam na alminiyam wanda zai ɗauki taya mai milimita 28, sannan ya kawo shi nan in gani da idona kafin ya miƙa ko sisi.