Hukuncin Fitowa a Wasan Kwaikwayon Faɗakar da Mutanen Karkara

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Anka. Wasu matasa sun nemi in fito a wasan kwaikwayon da za a nuna a talabijin da gidajen kallo na ƙauyuka, a kan gubar dalma da awon ciki da ajiyar wake. An ba ni matsayin maigidan da ke hana matarsa zuwa awo. Mahaifina ya ce wannan ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce ko da wasa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ba da ka ya yi magana ba. Akwai malamai na wannan zamani da suka hana kwaikwayo ɗungurungum, suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa azaba ta tabbata ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasu kuma sun halatta shi da sharuɗɗa, kuma maganarsu ce ta fi ƙarfi a wurina.

Dalili shi ne, ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa gaskiya don ya ɗauke shi gaskiya. Wanda ya zauna a kan benci a gidan kallo ya san kai ba mijin waccan matar ba ne. Misali ake buga masa, shi ma ya san misali ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum mai fararen tufafi yana tambaya kamar wanda bai sani ba, bayan ya tafi Annabi (SAW) ya ce ya zo ne ya koya muku addininku. A Suratu Sad ma masu jayayya sun shigo wa Annabi Dawuda da ƙarar tumaki, malaman tafsiri da yawa sun ce mala'iku ne. Mu nan ƙasar kuma mun gaji isar da ilimi ta hanyar da talaka ke ganewa: Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙoƙi ta riƙa tura jajis, wato mata malamai, ƙauyuka suna karantar da mata. Hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita.

Abin da kuka nufa kuwa tsare rai ne. Ku mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an ba ku labarin 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kawowa gida a daka a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe a kai ya kai hannu baki. Idan ya kama jijjiga, abin da ake fara zargi iska ko maita. Uwar da ba ta karanta takardar da aka manna a bangon asibiti, in ta ga wannan a wasa, ta ga turmi irin nata da yaro tsaran nata, ba za ta sake barin a zube dutse kusa da madafa ba. Aikin da zai kai ga haka ya wuce halal kawai, ina fatan lada a cikinsa ga wanda ya kyautata niyya.

Sharaɗin da na fi tsananta muku shi ne gaskiyar saƙon, domin nan ne ƙaryar da Baba ke tsoro za ta iya shigowa. Mai kallo ya san auren wasa ne, amma maganin da ya ji an faɗa da gaske zai ɗauke shi. In kuka nuna haɗa ruwan gishiri da sukari, to a ga lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, ba a kwarara gishiri da hannu don hoto ya yi kyau ba. In kuka zo kan wake, kada a nuna ana barbaɗa masa maganin ƙwari mai guba, a nuna buhu mai ninki uku da ake ɗaure wa baki iska ba ta shiga. Wanda ya ɗauki nauyin shirin ba shi da ikon sa ku yabi hajar da ba ku tabbatar da ita ba. Kai da ka san aikin, amanar tana wuyanka.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne. Mata su suturce jiki, babu taɓa juna, babu keɓewa a wurin ɗaukar hoto, babu rawa. Namiji kada ya yi shigar mata, Bukhari ya ruwaito tsinuwa a kan haka. Kada a kwaikwayi annabawa ko sahabbai, kada a mayar da liman ko baƙauye abin dariya, wanda ka wulaƙanta ba zai karɓi nasiharka ba. Salla kuma a tsaya mata a kan lokaci. In matarka ta gaske ce ke fitowa tare da kai, kada ka furta mata saki, domin aure da saki da kome (mayar da matar da aka saka) wasansu ma gaske ne. Shi kuma mugun maigidan da za ka kwaikwaya, a nuna inda taurin kansa ya kai iyalinsa.

Game da Baba, ka kai masa wannan amsa cikin ladabi, in da hali tare da limamin garinku. In ya gamsu, bismillah. In ya tsaya a kan bakansa, ka bi shi, domin fitowar ba farilla ba ce a kanka, wani zai iya hawa matsayin. Sai ka zauna da matasan ka duba musu rubutun layi-layi kafin su ɗauka.

Allah ne mafi sani.