Dila ne ko yanyawa? Amsoshin tambayoyinku kan tatsuniyoyin La Fontaine, marubucin Faransa

Tambaya daga Maraɗi: Malam, a lakwal mun haddace tatsuniyar hankaka da "renard", wanda ya yi wa hankaka daɗin baki har cuku ya suɓuce daga bakinsa. Dila ne ko yanyawa?

Dila. In siffa za a bi yanyawa ta fi kusa, amma tatsuniya hali take bi, kuma malamin daji ɗaya ne.

Tambaya daga Zinder: Na ga Faransawa na sake ba da tatsuniyoyin nan da wasan kalmomi, ba ɓata adabi ba ne wannan?

Ɓata me? Shi kansa La Fontaine ɗin aro ya yi, littafinsa na farko na 1668 yawanci daga Isof na Girka ya kwaso, daga baya ya leƙa labaran Indiya, tushen Kalila wa Dimna da malamanmu suka sani. To wanda ya ara ina shi ina hana aro. Raymond Queneau na ƙungiyar marubutan Faransa mai suna Oulipo, wadda aka kafa a 1960, ya ɗauki tatsuniyar gyare da tururuwa ya riƙa musanya kowane suna da aikatau da kalma ta bakwai da ke binta a ƙamus, ma'ana ta watse amma duk yaron da ya haddace ta yana ji zai gane ta, don tsarin jimlolin na nan daram. Faransawa suna da verlan kuma, juya gaɓoɓi, da javanais da ake cusa "av" cikin kalma, wanda zaurance ne sak. Abin da ke ba ni haushi, yaran yanzu komai karin magana suke ce masa, zaurance karin magana, kacici-kacici karin magana, har habaici. Haba jama'a, kowanne fa da sunansa.

Tambaya: "Hankaka mai da ɗan wani naka" daga tatsuniyar hankaka da dila ta fito?

A'a, tamu ce, ba ruwanta da cuku.

Tambaya daga Kano: Wace karin magana ta dace da tseren zomo da kunkuru?

"Sannu ba ta hana zuwa", amma don Allah a riƙa ƙarasa ta, "sai dai a daɗe ba a je ba". Kullum sai a yanke mata wutsiya, alhali kunkuru ba don sannunsa ya ci ba, zomo ne ya tsaya kiwo da hutu a hanya.