Tambaya da Amsa: Wata guda a staj, ban taɓa sa serom ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta karatun anfirmiye a nan Maraɗi. An kai mu staj, wato koyon aiki a asibiti, sashen yara, mu goma sha ɗaya a ɗaki guda. Wata ya kusa cika, aikina bai wuce auna zafin jiki da zuwa aike farmasi ba. Majo, shugabar anfirmiyoyin sashen, ba ta da lokacinmu. Yaya zan yi hannuna ya faɗa kafin staj ya ƙare?
Wata ɗaliba daga unguwar Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Taron nan shi ne babban cikas: in mutum goma suka kewaye gado guda, na gaba ke gani, na baya sai dai ya ji labari. Ga kuma lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan cika sashen yara, ma'aikaciya ko zama ba ta samu, balle bayani.

Ki bari a gama zagayen safe, ki sami majo cikin ladabi, ki roƙi ta haɗa ki da anfirmiye guda da za ki riƙa bi, har gardin dare. Ma'aikaciya ba ta miƙa allura ga fuskar da ba ta sani ba. Da dare kuwa ɗalibai kaɗan ne, aiki na neman hannu. Ki riƙe gado biyu ko uku su zama naki, ki zo kafin a miƙa aiki, ki karanta takardunsu.

Kada ki raina auna zafin nan, daga nan yarda ke farawa. Ki haɗa da ƙirga numfashi na minti guda cur, yaro yana kwance ba kuka. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. Ranar da kika ce, "Anti, gado na huɗu numfashinsa 56, ƙirjinsa na lotsawa," za ta fara kallonki da wani ido.

Sai lissafi, wanda a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tiyon serom na manya ɗigo 20 ne a mililita guda, don haka 500 ml a awa 8 ɗigo 21 ke nan a minti. Ƙaramin tiyo na yara ɗigo 60 ne. In kika yi lissafi da 60 alhali tiyon na 20 ne, ruwa ya shiga ninki uku, zuciyar yaro mai tamowa kuwa ba ta ɗaukar haka. Allurar artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ga yaron da bai kai kilo 20 ba 3 mg ce a kowane kilo: mai kilo 12 zai samu 36 mg, wato 3,6 ml idan an haɗa ta 10 mg a mililita. Ki rubuta, ki nuna wa anfirmiyen da kike bi kafin ki zuƙa.

Sa serom ko yin allura, ki kalla sau biyu, ki yi tana tsaye kanki, a sa miki hannu a karnen staj, wato littafinki na staj, a ranar. Ko uwa ta kira ki likita tana roƙo, ki gaya mata ke ɗaliba ce, ki kirawo ma'aikaciya.

Tambaya: Allurar da aka yi wa marar lafiya ta soke ni a yatsa, ina tsoron faɗa kada a rage mini maki. Me zan yi?
Wani ɗalibi daga Tibiri

Amsa: Ka faɗa wa majo yau, ƙanenmu, maki bai kai lafiyarka ba. Da zarar abin ya faru a wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a matsa, kada a tsotsa. Za a gwada jininka da na marar lafiyan. Maganin rigakafin sida cikin awannin farko ya fi aiki, bayan awa 72 ba a fara shi. A duba ko ka cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Sau da yawa garin mayar da murfin allura da hannu biyu ake sokewa, saboda haka daga jikin marar lafiya sai kwalin zuba allurai kai tsaye.