Me zakaran duniya zai yi da kocin da bai kai shi ƙarfi ba?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Garry Kasparov, tsohon zakaran duniya a wasan dara na ces, ya yi sama da shekara 10 yana aiki da wani koci ɗan Rasha mai suna Yuri Dokhoian, wanda bai taɓa kusantar zama zakara ba. Wane ne shi? Kuma me zai koya wa mutumin da ya fi shi?

Amsa: Gaskiya ne, da za a zaunar da su biyun a gaban allo, Kasparov zai lallasa shi. Sai dai ba don su kara aka ɗauke shi ba.

An haifi Dokhoian a 1964, ya samu muƙamin babban gwani daga FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, a 1988. Ɗan wasa ne mai ƙarfi, amma a Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani irinsa suna da yawa, wurin kuma ya yi cunkoso. A 1994 ya shiga tawagar Kasparov, ya kusan jingine nasa wasan gaba ɗaya yana ɗan shekara 30, lokacin da tsararrakinsa ke ganiyarsu. Ni dai ina ganin wannan ce babbar sadaukarwar da ya yi.

Aikin kuwa ga yadda yake. A wannan mataki, tun a gida ake shirya motsi 15 ko 20 na farkon wasa. Koci zai tattaro wasannin abokin karawa, ya ga hanyar da ya saba buɗe wasa da ita, ya kwana shi da kwamfuta yana neman ɓaraka. Gari na wayewa ya kawo wa maigidansa abin da ya tono, su tace tare. Zakara ba shi da lokacin wannan haƙa, domin yana bukatar barci da natsuwa.

Dubi karawar 1995 da Viswanathan Anand na Indiya, a hawa na 107 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Wasa 8 na farko duk canjaras, Anand ya ci na 9. A na 10 sai Anand ya koma kan hanyar da ta fisshe shi a wasa na 6, bai san an haƙa masa rami a nan ba. Kasparov ya bar masa hasumiya, ɗaya daga manyan 'ya'yan wasan, kamar kyauta, yana ta motsi cikin sauri don komai a shirye yake, shi kuwa Anand ya dafe kai agogonsa na ci. Daga ranar karawar ta juya, aka tashi 10.5 da 7.5. Dokhoian yana cikin tawagar da ta yi wannan shiri.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 2000 a Landan, Vladimir Kramnik ya zo da wata kariya da ake kira ta Berlin, tawagar Kasparov ta yi iya yinta ta kasa fasa ta, kambun ya tafi ba tare da Kasparov ya ci ko wasa 1 ba. Duk da haka bai rabu da kocinsa ba har ya yi ritaya a 2005.

Bayan nan Dokhoian ya horar da ƙungiyar mata ta Rasha, wadda ta ci zinare a gasar ƙasashen duniya ta 2010, sannan ya koma ta maza. Ya kuma horar da Sergey Karjakin, wanda ya riƙe wa Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, wuya a karawar neman kambu ta 2016, suka yi 6 da 6 kafin Carlsen ya tsira a wasannin raba gardama. Cutar korona ce ta yi ajalin Dokhoian a Mosko ranar 1 ga Yulin 2021, yana da shekara 56.