Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya a kan zama da aiki a ƙasar Oman

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka cewa an yi maka tayin aikin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Oman, kana son sanin yadda ƙasar take, da yadda ake mulkinta, da kuma ko mutanenta suna da daɗin zama. Na zauna a can daga 2016 zuwa 2022 ina koyarwa, shekara huɗu a Nizwa, biyu a Salala, don haka abin da zan faɗa maka na gani ne da idona.

Ka fara cire Dubai daga ranka. Da yawa daga cikinmu idan an ambaci ƙasashen Larabawan Tekun Fasha dogayen benaye suke hangowa, alhali a Maskat, babban birnin Oman, hukuma ba ta yarda da irin waɗannan gine-gine ba, gidajen farare ne masu matsakaicin tsawo, a maƙale tsakanin teku da baƙaƙen duwatsu. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 309,500, tana iyaka da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Yaman, tana kuma da wani yanki a ware can arewa, Musandam, wanda ke kallon mashigar Hormuz inda jiragen dakon mai suke wucewa. Yawancin jama'a suna zaune ne a Maskat da gaɓar Baɗina, tsakiyar ƙasar kuwa fako ne da rairayi. Zafin rani ya fi na Maiduguri a watan Afrilu wahala, domin a bakin teku yana haɗuwa da laima har numfashi ya yi nauyi, shi ya sa doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe goma sha biyu da rabi zuwa uku da rabi, daga Yuni zuwa Agusta. Sana'arka a irin wannan ƙasa ba za ta rasa kasuwa ba.

Abin da ya fi koya mini halin mutanen Oman shi ne yadda suke raba ruwa. A Nizwa da ƙauyukan da ke gindin duwatsun Hajar akwai magudanan da suke kira falaj, waɗanda kakanninsu suka haƙa tun ƙarnoni masu yawa, suna janyo ruwa daga ƙarƙashin dutse zuwa gari ba tare da inji ba. Inda ruwan ya fara fitowa na sha ne, daga nan ya bi ta masallaci da wurin wanka, sannan ya shiga gonakin dabino. Kowane manomi yana da rabonsa na lokaci, ana gadonsa, ana sayar da shi, ana bayar da hayarsa, akwai kuma wakili mai kula da lissafi. A da da inuwar sanda suke auna lokacin da rana, da taurari kuma da dare. Na sha zama da wani dattijo maƙwabcina yana jiran rabonsa ya zo, da lokaci ya yi sai ya ɗauke dutse da tsumman da suka toshe bakin gonarsa, ya mayar da su bakin ta maƙwabcinsa, babu gardama babu ɗaga murya. A 2006 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya biyar daga cikin waɗannan magudanai a jerin kayan tarihi na duniya, har da Falaj Daris na Nizwa.

Kudu kuwa wata duniya ce. A yankin Zufar, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, iskar teku tana kawo yayyafi da hazo, duwatsun Salala su yi kore shar, shanu da raƙuma suna kiwo a cikin ciyawa. Suna kiran lokacin harif. A can ake samun itacen lubban, ɗan'uwan hanon da muke da shi a dazuzzukanmu.

Batun mulki, Oman masarauta ce, kuma Sultan ne ke riƙe da wuƙa da nama: shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban majalisar ministoci, shi ne babban kwamandan askarawa, dokoki kuma da sa hannunsa suke fita. Gidan Al Busa'id ke sarauta tun tsakiyar ƙarni na 18. Sultan Ƙabus ya karɓi mulki daga hannun mahaifinsa Sa'id bin Taimur ranar 23 ga Yuli 1970, lokacin da makarantun gwamnati uku ne kacal a ƙasar, titi mai kwalta kuma bai wuce kilomita goma ba, ko da yake an fara fitar da mai tun 1967. Duk dattijon da ka zauna da shi zai raba maka tarihin rayuwarsa gida biyu, kafin 70 da bayan 70, kuma wannan ne asalin biyayyar da za ka gani. Ina Nizwa lokacin da Ƙabus ya rasu ranar 10 ga Janairu 2020 bai bar ɗa ba. Mu baƙi mun tsorata, har wasu suka fara haɗa kaya, amma washegari aka buɗe wasiƙar da ya bari, aka karanta sunan ɗan baffansa Haisam bin Tariƙ, aka yi masa mubaya'a, ko kasuwa ba ta watse ba. A 2021 sabon Sultan ya gyara tsarin mulki ya kafa muƙamin yarima mai jiran gado, wanda ya faɗa kan babban ɗansa.

Akwai majalisa mai ɓangare biyu, Majalisar Shura wadda jama'a ke zaɓa duk shekara huɗu, da Majalisar Daula wadda Sultan ke naɗawa. Suna duba dokoki, ta Shura tana kiran wasu ministoci ta yi musu tambayoyi, amma magana ta ƙarshe ba a hannunsu take ba. Babu jam'iyyun siyasa. An raba ƙasar zuwa jihohi goma sha ɗaya, a ƙarƙashinsu akwai gundumomi, kowacce da walinta, wanda aikinsa ya yi kama da na hakimi, shehunan ƙabilu kuma suna shiga tsakani a rikicin gida da na gona. Sukar Sultan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko da a Facebook ne, don haka irin sakin bakin da muka saba a gida ka bar shi a filin jirgi. Kada kuma ka ɗauka babu ƙorafi: a 2011 matasa sun yi zanga-zanga a Sohar kan rashin aiki, sun sake yi a 2021 har ta iso Salala ina can. Wannan ya shafe ka kai tsaye, saboda daga cikin amsoshin gwamnati akwai ƙara keɓe wasu ayyuka ga 'yan ƙasa. Tasi, alal misali, baƙo ba ya tuƙa ta.

A addini, mazhabar Ibadiyya ce ta gidan sarauta da mutanen cikin ƙasa, akwai Ahlus Sunna masu yawa musamman a Zufar, akwai kuma 'yan Shi'a kaɗan a biranen bakin teku. Ranar da na fara shiga masallaci a Nizwa na ga sahu gaba ɗaya an saki hannu, sai na tuna sadlun da na taso na ga iyayenmu suna yi. Ba sa ɗaga hannu a kabbara, ba sa cewa amin bayan Fatiha, amma a shekara shida ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa nake yi. Tayar da fitinar mazhaba laifi ne a dokarsu, kuma a ganina wannan na cikin abin da ya fi kyau a ƙasar. Baƙar fata ba abin kallo ba ce, domin a da Oman ta daɗe tana mulkin Zanzibar, bayan juyin juya halin da aka yi a can a 1964 iyalai da yawa suka dawo, har yau za ka ji Swahili a gidajen Maskat, kuma babban muftin ƙasar, Shaikh Ahmad al-Khalili, a Zanzibar aka haife shi. Duk da haka zan faɗa maka gaskiya, a wajen aure suna duba asali da ƙabila sosai, kuma baƙo yana zama baƙo ko da ya yi shekara ashirin. Za su karrama ka da gahawa da dabino da halwa, su yi ta gaisuwa kamar Bakano ya haɗu da Basakkwace, amma takardar zama ɗan ƙasa abu ne mai wuyar gaske.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne takardunka. Baƙi sun kai kusan kashi biyu cikin biyar na mazauna ƙasar, kuma izinin zaman kowane ma'aikaci a ɗaure yake da wanda ya ɗauke shi aiki. Na taɓa taimakon wata yarinya 'yar ƙasarmu da wani dillali ya yaudara cewa aikin shago za ta yi, ta ƙare a aikatau, an karɓe fasfonta, wata biyar babu albashi, kuma sai da muka yi ta zirga-zirga kafin ta koma gida. Doka ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, amma wanda bai san haƙƙinsa ba, bai kuma iya Larabci ko Turanci ba, ba ya iya kai ƙara. Saboda haka kada ka tashi da bizar ziyara bisa alkawarin za a canza maka ita a can. Ka nemi su turo maka bizar aiki mai ɗauke da sunan kamfanin da sana'arka, da kwantiragi a rubuce wanda ya bayyana albashi da riyal na Oman, da masauki, da kuɗin magani, da tikitin dawowa. Riyal ɗaya ya kai kimanin dalar Amurka biyu da senti sittin, to ka yi lissafinka da wannan, ka cire abinci da abin da za ka riƙa turowa gida, ka ga abin da ya rage. Idan takardun sun iso, ka rufe sunanka da lambar fasfonka ka turo su nan, ni da sauran waɗanda suka zauna a can mu duba maka su kafin ka biya kowa ko kwabo.