Dubiya a ɗakin yara: amsoshin likita ga masu karatu

Tambayoyin wannan makon kusan duk a bakin ƙofa ɗaya suka taru, wato ƙofar ɗakin kwantar da yara a asibiti, inda maigadi ko nas ke tsayar da 'yan dubiya.

Likita, surukata ta haifi bakwaini, yau kwanansa 9 a kwalba. Ni ce kakarsa ta wajen uba, amma sau uku ina zuwa ana mayar da ni, wai uwa da uba kaɗai ke shiga. Wannan ba wulaƙanci ba ne? (Wata kaka daga Zariya)

Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiya. Na san da ciwo a ce jikanki na bayan ƙofa ke kina waje. Amma bari in faɗa miki abin da ke cikin ɗakin. Jariri ne mai nauyin kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, tafin hannunsa bai fi babban yatsanki ba, fatarsa kamar ledar da aka miƙe. An sa masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki don ba shi nono, ga allurar ƙarin ruwa a bayan hannu. Wannan allurar ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa jininsa.

Yawancin garkuwar da uwa ke ba ɗanta ta cibiya, a watanni 3 na ƙarshen ciki take wucewa. Wanda ya fito kafin mako 37 bai karɓi rabonsa cikakke ba. Shi ya sa murar da za ta sa ki atishawa kwana biyu ki warke, shi tana iya toshe masa ƙananan hanyoyin huhu har numfashi ya gagara. Akwai ƙwayar cutar da muke kira RSV, a jikin babba mura ce kawai, a jikin jariri kuwa ita ce ke kai shi ga iskar oksijin. Kuma mutum yana iya ɗauke da ita kafin ya ji komai a jikinsa. Ɗakin ba jikanki kaɗai ba ne a ciki. Idan aka bar kowace kaka da gwaggo da inna suka shiga, kowane jariri zai shaƙi numfashin dangin maƙwabcinsa.

Aikin da ya fi masa amfani daga wajenki yana hannun uwarsa. Ki tabbatar ta ci ta ƙoshi, ta sha kunu, ta samu barci, don nonon da take tatsa shi ne babban maganinsa. Ki nemi ɗanki ya roƙi izinin nas ya ɗauko miki hotonsa. In an sallame su, a rage 'yan barka masu karɓar jariri hannu zuwa hannu, kuma kada mai ƙurjin nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi ya sumbace shi, domin ƙwayar da ke cikin ƙurjin tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Idan zafin jikinsa ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, a dawo da shi a daren, ba a jiran gari ya waye.

An kwantar da 'yata mai shekara 6 saboda ciwon sikila. Ƙannenta biyu suna kukan son ganinta, amma an ce yara ba sa shiga. Lafiyarsu ƙalau, mene ne laifin? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Malam, kalmar "lafiyarsu ƙalau" ce ke ba mu tsoro. Yaro mai ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da iyaye ke ganin ɗan tari ne da jan ido. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka shaƙe ta, kusan 9 za su kamu. Ƙarambau ma haka, kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurji ya bayyana ta fara tafiya.

Na taɓa ganin haka da idona a wani ɗaki da na yi aiki. An shigo da yaro dubiya a bayan uwarsa, idonsa na hawaye, aka zaunar da shi a gefen gado. A gadon da ke kusa akwai yarinya mai tamowa da ta fara farfaɗowa, har ta fara riƙe kofi da kanta. Bayan kamar mako biyu ƙyanda ta fito mata. Mun sha wahala kafin muka ceto ta, kuma har yau ina tuna fuskar uwarta.

A ɗakin da 'yarka take akwai masu tamowa, masu ciwon daji da magani ya karya musu garkuwa, da jariran da ba su kai wata 9 ba balle a yi musu allurar ƙyanda. Su ma ƙannen nata ana kare su ne, don yaro sai ya taɓa ƙasa da ƙarfen gado ya kai hannu baki. Ka haɗa su ta kiran bidiyo, kuma ka duba katin rigakafinsu tun yanzu.

Man tsabtace hannu da ke bakin ƙofa ya wadatar, ko sai na wanke da sabulu? (Wata mai jinya daga Kano)

'Yar uwa, idan hannu ba datti a ido, man ya isa, muddin kin murza ko'ina, har tsakanin yatsu da babban yatsa, na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Amma bayan kin yi wa yaro tsarki, ko kin fito daga bayi, ko yaron na amai da gudawa, sai ruwa da sabulu, domin wasu ƙwayoyin gudawa man ba ya kashe su sosai. Ki cire zobe da awarwaro, ki yanke farce. Wayarki ma ki riƙa goge ta, kada ki ajiye ta a kan zanin gadonsa.

Mahaifina ya zo da rubutu da zuma don jikansa mai wata 5 da ke kwance da ciwon huhu, nas ta hana a ba shi. Addu'a ma an hana ke nan? (Wata uwa daga Gusau)

Ba a hana addu'a ba, mu kanmu muna nemanta. Baba ya wanke hannu, ya tsaya kusa da gadon ya yi masa addu'a yadda ya so. Tofi dai kada ya sauka a fuskar yaron ko wurin allura. Abin sha ne matsalar. Yaron da ke haki, ruwa kaɗan yana iya kauce hanya ya faɗa huhu. Zuma kuwa ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba, don tana iya ɗauke da ƙwayar da gubarta ke shanye jijiyoyin jariri. Duk abin da zai shiga bakinsa a fara nuna wa nas, ko da daga hannun wa ya fito. Ki yi wa Baba bayanin cikin ladabi, ko ki kira likitan ya yi masa da kansa.

An keɓe ɗana a ɗaki shi kaɗai, an ce mashaƙo ne, kowa sai da takunkumi. Har yaushe? (Wani uba daga Potiskum)

Mashaƙo ta tari da atishawa take bi, kuma ɓarkewarta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta nuna mana yadda take cin yaran da ba su yi rigakafi ba. Yawanci bayan awa 48 da fara maganin kashe ƙwayar haɗarin yaɗuwa yana raguwa sosai, amma likitansa ne zai ce a buɗe ƙofa. Abin da ke gabanka yau shi ne mutanen gida: duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi a kawo shi a duba, a ba shi magani, a cike masa allurar Penta, wadda rigakafin mashaƙo ke cikinta, idan bai yi ukun nan na mako 6, 10 da 14 da haihuwa ba.

Na ga likita ya taɓa wani yaro ya zo kan nawa bai wanke hannu ba. Zan iya magana? (Wata uwa daga Bauchi)

Ƙwarai kuwa, ki yi. A 1847 wani likita a birnin Viyana, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa abokan aikinsa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-macen ɗakin suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kamar 2. Dokar da ta hau kan 'yan dubiya ta fi hawa kanmu, don mu ne ke zagaya gado 30 a safiya ɗaya. Ki ce, "Likita, don Allah ga man hannu nan." Idan kina jin nauyi, ki faɗa wa babbar nas ta ɗakin.