Ina tsoron cire haƙori, za a iya sa ni barci?

Malam, tunda ƙarar injin likita kaɗai na sa gabanka faɗuwa, akwai mafita, sai dai ba barci ne na sosai ba. Mafi sauƙi ita ce iskar nitrous oxide da ake shaƙa ta hanci haɗe da oksijin; cikin minti biyar ta kama, ana cirewa ta sake ka. In mura ta toshe hanci, ba ta aiki.

In tsoron ya yi yawa, ana ba da maganin kwantar da hankali mai suna midazolam ta jijiya kaɗan-kaɗan, da na'urar auna oksijin na jini a yatsa, domin yana rage numfashi. Zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa ko babur sai bayan awa 24. Allurar kashe dasashi dai ba makawa. In kana shan tramadol ko kana munshari mai ƙarfi, faɗa wa likita tun farko.